Dajin Bagaruwar Khartum: Tarihin Gyaran Ƙasa Da Ruwa A Mahaɗar Nilu

 'Yan'uwa, shafin tarihi na wannan fitowa zai kai mu Sudan.

Sudan ba baƙuwar ƙasa ba ce gare mu. Ta nan kakanninmu suka bi da ƙafa da jakuna zuwa aikin Hajji, wasu suka yi zango har zangon ya zama gida. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903. A cikinmu kuma akwai waɗanda suka yi karatu a Jami'ar Ifrikiya ta Khartum. Mun san Sudan ta malamai da makarantun allo. Abin da ba mu cika ji ba shi ne tarihin shekaru sama da ɗari da mutanen Khartum da Umdurman suka yi suna ƙoƙarin tsare itatuwansu da koginsu. Wasu dabarun sun yi nasara, wasu sun zama annoba, wasu kuma sun yi kyau sannan suka mutu don an rasa mai riƙon su. Idan muka bi su ɗaya bayan ɗaya za mu ga abu guda yana ta maimaituwa: gyaran ƙasa yana tsayuwa ne idan an san halin wurin kafin a taɓa shi, kuma an yi wa talakan da ke zaune a gefensa tanadi.

Birni tsakanin ruwa da rairayi

Koguna biyu ne suke haɗuwa a Khartum, a wurin da ake kira Mugran. Farin Nilu yana tahowa daga kudu, daga yankin Tafkin Biktoriya, a hankali yake tafiya kuma ruwansa bai cika canjawa ba. Shuɗin Nilu kuwa daga duwatsun Habasha yake gangarowa, da rani ya ƙafe sosai, da damina ya cika ya batse da laka. Garuruwa uku ne suka kewaye mahaɗar: Khartum a tsakanin kogunan biyu, Umdurman a yamma, Bahri a arewa. A tsakiyarsu akwai tsibirin Tuti.

Duk da wannan ruwa, ƙasar busasshiya ce. Ruwan saman da ake samu a shekara bai cika kai milimita 200 ba, Kano tana samun ninkinsa huɗu ko fiye. Da ka bar bakin kogi kaɗan sai ka tarar da fako da rairayi. Akwai kuma guguwar ƙura da suke kira habub, mai tasowa kamar bango ta rufe gari da rana tsaka. To a irin wannan wuri kowace bishiya tana da daraja, kuma kowa yana da bukata a kanta.

Bukatar ta ƙaru ne bayan 1885, lokacin da Mahadi ya ci Khartum, cibiyar mulki ta koma Umdurman. A zamanin Halifa Abdullahi jama'a sun taru a garin da yawan gaske, kowane gida yana neman itacen girki da na rufi. Da Turawan Ingila suka karɓi ƙasar bayan yaƙin Karari na 1898 sai suka zo da tasu bukatar: jiragen ruwansu itace suke ƙonawa, titin jirgin ƙasa kuma yana son katakon da za a shimfiɗa ƙarfe a kai. Shi ya sa hukumar gandun daji tana cikin hukumomin farko da suka kafa, tun a 1902. Ba don son tsuntsu ko inuwa suka fara ba, tsoron ƙarewar makamashi ne. Amma dai daga nan aka soma auna daji, a rubuta abin da ke cikinsa, a tsara lokacin sara da lokacin shuka.

Dajin Sunut

Bishiyar da Sudanawa suke kira sunut ita ce bagaruwarmu. 'Ya'yanta da majemanmu na Kano da Sakkwato suke jeme fata da su, a can garad ake ce musu, kuma aikin da suke yi ke nan, har da maganin mura da tari. A gabashin gaɓar Farin Nilu, dab da Mugran, akwai dajin bagaruwa da aka keɓe a 1932, aka mai da yankin mafakar tsuntsaye a 1939. Ana ƙiyasta faɗin mafakar da kimanin hekta 1,500. A 1946 aka buɗe makarantar horar da ma'aikatan gandun daji a wurin, dajin ya zama ajin karatunsu.

Yaya aka yi daji ya rayu a ƙasar da ruwan sama bai isa shuka gero ba? Amsar tana cikin halin kogunan biyu. Daga watan Yuli zuwa Satumba, idan Shuɗin Nilu ya cika, ƙarfinsa yakan tokare Farin Nilu a mahaɗa, sai ruwan Farin Nilu ya tsaya ya koma baya ya malale gaɓarsa. Dajin yakan yi makonni, wani lokaci watanni, yana tsaye cikin ruwa. Yawancin itatuwa da saiwarsu ta daɗe a ruwa haka sai su ruɓe, amma irin wannan bagaruwar tana jurewa. Idan ruwan ya janye sai ya bar laka mai taki da danshin da zai kai ta wata daminar. Kun ga ke nan kogin ne yake yi wa dajin ban ruwa da taki, ba tare da an kashe ko sisi ba.

Ma'aikatan daji sun lura da wannan, suka gina aikinsu a kai. A dazuzzukan sunut na bakin Nilu, musamman na Shuɗin Nilu wajen Sinnar, sukan raba daji kashi-kashi, a sare kashi ɗaya idan ya kai shekarunsa, sannan a watsa iri a kan laka daidai lokacin da ruwa yake janyewa. Ƙwayar bagaruwa tana da tauri, sai an tausasa ɓawonta kafin ta tsiro da wuri, don haka akan jiƙa ta a ruwan asid, ko a yi amfani da wadda ta bi ta cikin awaki. Daga nan sai tsaron dabbobi har tsiron ya fi ƙarfin bakin akuya.

Amfanin dajin Khartum ya wuce katako. A da saiwoyinsa suna riƙe gaɓa, yana rage ƙarfin ambaliya, ƙananan kifaye suna fakewa a cikinsa lokacin cikar ruwa. Kwarin Nilu kuma babbar hanya ce ta tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai da Asiya zuwa Afirka lokacin sanyi, sukan sauka nan su huta su ci abinci bayan sun ƙetare hamada, su haɗu da 'yan gida irin su balbela da zalɓe. A da mutanen gari ma nan suke zuwa shan iska ranar Juma'a da lokutan salla.

Wannan tsari na keɓe wuri ba sabo ba ne ga ɗalibin fiƙihu. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina don dawakan Musulmi, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza don dabbobin zakka, shi ake kira hima. Abin lura a nan shi ne umarnin da Umar ya bai wa mai tsaron wurin, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa: ya bar masu 'yan dabbobi kaɗan su shiga, ya hana garken attajirai, domin attajiri yana da gona da dabino da zai koma musu, talaka kuwa ba shi da komai. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Baƙon da ya fi ƙarfin mai gida

A 1917 wani masanin tsirrai na gwamnatin mulkin mallaka mai suna Massey ya shigo da wata bishiya daga Masar da Afirka ta Kudu, aka dasa ta a Khartum. Asalinta daga nahiyar Amurka ne, Sudanawa suna kiran ta meskit, kuma 'yar'uwar ƙiryarmu ce ta nesa. Da farko kowa ya yaba. Tana girma da sauri, tana jure fari, saiwarta tana nutsawa ƙasa sosai ta nemo ruwa, tana tsayar da rairayi, dabbobi suna cin 'ya'yanta, ana yin gawayi da ita. Lokacin farin shekarun 1970 da 1980 gwamnati da ƙungiyoyin agaji suka yi ta yaɗa ta a sassan ƙasar don kare ƙauyuka da gonaki daga rairayi. A wurare da dama ta yi wannan aikin kuwa, ba a musun haka.

Abin da ba a yi lissafinsa ba shi ne yadda za ta kasance idan ta bar fako ta samu ƙasa mai danshi. Akuya da raƙumi suna cin 'ya'yan, ƙwayar ta fita a kashinsu lafiya lau, a shirye take ta tsiro. Ruwan kwari da na magudanai ya ɗauke ta ya kai gonaki. A ƙasarta ta asali akwai ƙwarin da ke cin ƙwayar suna rage ta, a Sudan babu su. Sai ta mamaye gonakin ban ruwa na Sabuwar Halfa, da fadamun Gash da Tokar a gabashin ƙasar, ta toshe magudanan ruwa, ta yi sarƙaƙiyar ƙaya da mutum ko dabba ba sa iya ratsawa. Idan aka sare ta daga sama sai ta toho da rassa masu yawa, dole sai an haƙo an yanke ta ƙarƙashin ƙasa. A 1995 gwamnati ta ba da umarnin a kawar da ita a duk faɗin ƙasar. An kashe kuɗi masu yawa da manyan motocin ture ƙasa, amma har yau tana nan, domin ƙwayar da ke kwance a ƙasa takan yi shekaru tana jiran ruwa.

Bishiyar ba ta yi laifi ba, halinta ta bi. Kuskuren na waɗanda suka yaɗa ta ne ba tare da sun gwada ta a kowane irin wuri ba, kuma ba su tsara wanda zai riƙa rage ta ba. 'Yan'uwanmu na bakin Tafkin Cadi a Nijar sun san wannan bishiya da irin wahalarta.

Ɗamarar da ta bar suna

A farkon shekarun 1960 hukumomin Khartum sun yi wata dabara mai kyau. Birnin ya samu tsarin kwashe ruwan ƙazanta ta bututu, sai tambaya ta taso: ina za a kai ruwan bayan an tace shi? Maimakon a zuba shi a kogin da jama'a ke sha, sai aka karkatar da shi kudu da gari, aka shuka dubban kadada na itatuwa, akasari bishiyar turare. Suka sa wa wurin suna Hizamul Akhdar, wato koriyar ɗamara. Da jifa ɗaya aka samu abubuwa da dama: ƙazanta ta samu wurin zuwa, ƙurar da iska ke kawowa daga kudu ta ragu, ga kuma azara da itacen girki kusa da gari.

Ɗamarar ba ta daɗe ba. Injinan tace ruwa suka tsufa ba a sabunta su ba, ban ruwa ya yi rauni. Birnin kuma yana ta kumbura. Fari da yunwar 1984 zuwa 1985 sun koro dubban mutane daga Kurdufan da Darfur, suka yada zango a Muwailih a bayan Umdurman, yaƙin kudancin ƙasar ya koro wasu da yawa. Duk waɗannan bayin Allah suna bukatar wurin kwana da abin hura wuta. Sannu a hankali aka sare itatuwan, hukuma kuma ta yanka filin ta raba. A yau unguwannin Mayo da Ingaz da Salama da Azhari, inda Hausawa da sauran 'yan asalin Afirka ta Yamma suke da yawa a wasunsu, ana kiran su gaba ɗaya Janubul Hizam, kudancin ɗamara. Sunan yana nan, ɗamarar babu. Ilimin da aka gina ta da shi daidai ne. Abin da ta rasa shi ne kuɗin kulawa na yau da kullum da kuma tsarin da zai ba baƙin da suka zo wani abin girkin.

Ƙwaron da ya yi abin da jirgin sama ya kasa

Yanzu mu koma cikin ruwa. Kimanin kilomita 45 kudu da Khartum akwai madatsar Jabal Auliya a kan Farin Nilu, wadda aka gama a 1937 don tara wa Masar ruwa, aka miƙa wa Sudan ita a 1977. Wajen 1957 zuwa 1958 aka fara ganin wata ciyawa tana yawo a kan Farin Nilu. Tana kama da kainuwa wajen shawagi a kan ruwa, sai dai ta fi ta girma, tana da fure mai ruwan shuni mai kyan gani, wanda shi ya sa mutane suka yi ta ɗaukar ta daga Amurka ta Kudu zuwa ƙasashe don ado. Idan ta samu ruwa mai ɗumi takan ninka kanta cikin kamar mako biyu.

Ba a daɗe ba ta rufe dogon zango na kogin. Jiragen ruwan da ke zirga-zirga tsakanin Kosti da Juba suka riƙa maƙalewa, injinan ban ruwa suka toshe, masunta suka kasa jefa taru, sauro da katantanwar da ke ɗauke da cutar tsargiya suka samu mafaka. Iska takan tara ciyawar a bayan madatsar Jabal Auliya har ruwa ya ɓace a ƙarƙashinta. Gwamnati ta kafa doka da hukuma ta musamman, aka riƙa fesa maganin kashe ciyawa daga jiragen sama da na ruwa, ana binciken kwale-kwale don kada ciyawar ta ƙetare madatsar ta nufi Khartum da Masar. An yi shekara ashirin ana wannan, kowace shekara a kashe kuɗi, kowace shekara ta dawo.

Sai masana ƙwari na Jami'ar Khartum, tare da takwarorinsu na waje, suka bi ta wata hanyar. Tambayar da suka yi ita ce: me ya hana wannan ciyawa zama annoba a ƙasarta? Ashe a can akwai wasu ƙananan ƙwari masu dogon baki, dangin ƙwaron da ke huda hatsi a rumbu, waɗanda ba su da abinci sai ita. Babba yana gwaguyar ganye, ya saka ƙwai a cikin kara, tsutsar ta riƙa huda karan har zuwa gindi, ruwa da ruɓa su shiga, ciyawar ta raunana ta nutse. To amma shigo da baƙo ba wasa ba ne. Don haka ba a saki ƙwarin ba sai da aka gwada su a kan amfanin gona iri-iri, aka tabbatar ba za su koma kan auduga ko dawa ko kayan lambu ba. An saki nau'i na farko a 1978, na biyu a 1979. Cikin 'yan shekaru tarin ciyawar da ke isowa Jabal Auliya ya ragu ƙwarai, har aka dakatar da feshin a farkon shekarun 1980. Ba a kawar da ita ƙaf ba, amma an mai da ita abin da za a iya zama da shi. Irin waɗannan ƙwari ne aka yi amfani da su a Tafkin Biktoriya a ƙarshen shekarun 1990.

Ɗalibai, ku dubi wannan da kyau. Meskit baƙo ne, ƙwaron nan ma baƙo ne, dukansu daga nahiya ɗaya. Bambancin kawai, ɗaya an bincike shi kafin a buɗe masa ƙofa.

Ko masani ana bin diddigin maganarsa

A 1975 wani masani mai suna Hugh Lamprey ya yi shawagi da jirgin sama a yankunan yamma da Khartum, ya kwatanta abin da ya gani da taswirar tsirrai ta 1958, ya ce bakin hamada ya matso kudu da kilomita 90 zuwa 100 cikin shekara 17. Wannan adadi ya zaga duniya, aka yi ta maimaita shi a taruka. Daga baya masu bincike na Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin, da wasu masu nazarin hotunan tauraron ɗan'adam, suka sake duba yankin. Abin da suka samu shi ne bakin hamada yana gaba yana baya gwargwadon ruwan sama: shekarar fari ya matso, shekarar ruwa ya ja da baya. Lamprey ya yi awonsa ne bayan fari mai tsanani, ya kwatanta da shekarun ruwa. Lalacewar ƙasa gaskiya ce, amma ta fi tsanani a kewayen garuruwa da rijiyoyi da wuraren da ake sara da kiwo fiye da kima. Wannan gyara yana da muhimmanci, don shi ne yake nuna inda ya kamata a sa ƙarfi. Wanda ya karanta ilimin hadisi ba zai yi mamaki ba: yawan masu maimaita magana ba ya mai da ita ingantacciya, sai an koma an duba tushenta.

Mutanen Tuti

Ba duk ilimin ba ne ya fito daga jami'a. Mahasawan tsibirin Tuti, inda Shehu Arbabul Aƙa'id ya fito a ƙarni na 17, sun daɗe suna karanta kogin. Suna da tsarin da suke kira taya: idan ruwa ya fara hawa sai a kafa sansanoni a wuraren da aka san gaɓa tana da rauni, matasa su kwana suna gadi, dattawan da suka san halin ruwa suna ba da umarni. Idan wuri ya ɓalle sai a yi shela, har daga masallatai, kowa ya fito da buhun ƙasa. Da wannan suka tsare garinsu a babbar ambaliyar 1946, da ta 1988, suka kuma yi tsayuwar daka a 2020 lokacin da Nilu ya wuce duk awon da aka taɓa rubutawa a Khartum. Abin da ya bambanta Tuti da koriyar ɗamara shi ne, a Tuti masu tsaron su ne masu wurin.

Yaƙi

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin ƙasa da dakarun RSF. Asarar rayuka da gudun hijirar miliyoyin mutane su ne babbar musiba, babu abin da za a kwatanta da su. Amma ƙasa ma ta ɗanɗana. Tun da matatar mai ta Jaili ta fara aiki a arewacin birnin a shekarar 2000, gidaje da yawa sun koma girki da iskar gas, abin da ya rage wa daji nauyi. Da yaƙi ya tsayar da matatar, wutar lantarki ta yanke, sai kowa ya koma kan itace da gawayi, har da takaya, wato ɗakunan girkin sadaka da suka riƙa ciyar da unguwanni. Masu gadin daji sun watse, 'yan kasuwar katako da gawayi suka samu sarari. Bayan da sojoji suka sake karɓar Khartum a watan Maris 2025, waɗanda suka isa dajin Sunut sun tarar da kututture a mafi yawan wurin da bagaruwa take. Gidan adana halittu na Jami'ar Khartum shi ma ya lalace, mutanen Tuti kuma tilas ta sa suka bar tsibirinsu.

Muna tuna wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar da ya tura Sham, inda ya hana su sare itace mai 'ya'ya da rushe wurin da aka raya. Uwar da ta sari reshe don ta dafa wa 'ya'yanta abinci a cikin ƙawanya ba ita ce abin zargi ba. Hukuncinta daban da na wanda ya loda motoci ya kai kasuwa.

Dajin zai iya dawowa, in Allah ya so, domin abin da ya raya shi tun farko yana nan: kogin yana cika kowace damina, yana kawo laka, kuma ma'aikatan dajin Sudan sun san yadda ake watsa irin sunut. Amma tsiro yana bukatar shekaru na tsaro, filin kuma yana tsakiyar birni inda masu gine-gine suka daɗe da sa masa ido. Kuma muddin gas bai dawo da farashin da talaka zai iya ba, duk abin da ya tsiro wuta zai shiga.

Mu kuma fa?

Ba mu kawo wannan tarihi don mu tausaya wa Sudan kawai ba. Kachalla ta toshe mana magudanai a fadamun Haɗejiya da Nguru. Motocin gawayi suna shigowa biranenmu kullum daga dazuzzukan da ke ƙara nisa. Hurumin gari da burtali, waɗanda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi bayanin hukuncin irinsu a littafinsa Ta'alimur Radi, an cinye da yawansu da gona da gini. Kowace shekara ana bikin dashen itatuwa, a ɗauki hoto, kafin rani ya ƙare akuya ta gama da su.

Muna da namu misalin nasara kuma. A Maraɗi, tun daga 1983, manoma suka fara abin da ake kira sassaben zamani: maimakon a ƙone tohon da ke fitowa daga tsohon kututture a gona, sai a zaɓi ƙarfafa a bar su, a rage sauran. An ƙiyasta cewa hakan ya dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ya yi nasara ne domin an lura cewa saiwoyin suna raye a ƙasa, kuma manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne.

Saboda haka idan kwamitin masallaci ko makaranta zai yi dashe, a fara da tambayar masana aikin gona da dattawan unguwa wace bishiya ce ta dace da ƙasar. A sa sunan wanda zai ba kowace ruwa har ta yi damina uku, a ware kuɗin kariya tun kafin a sayo dashen. Wanda yake da hali ya taimaka wa maƙwabcinsa da murhu mai tsimin itace ko tukunyar gas, wannan ma kare daji ne. Ɗalibanmu kuma da ke neman fannin karatu, su sani ilimin tsirrai da ƙwari da ruwa yana cikin abin da al'umma ba ta wadatuwa da barinsa.

Allah ya kawo wa mutanen Sudan zaman lafiya, ya mayar da waɗanda suka yi hijira gidajensu, ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amin.